Yara Shida da Jirage Biyu

A cikin shekarar 1930 wani mutumin Ingila, ana ce da shi Arthur Ransome, ya wallafa wani littafi na yara da Turanci, sunansa Swallows and Amazons. An samo sunan nan daga waɗansu ƙananan jirage biyu, irin waɗanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta kora su. Na ɗaya sunansa Swallow, watau tsattsewa, na biyu kuwa Amazon.

Ga yadda labarin yake. Waɗansu yara huɗu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, John da Susan da Titty da Roger, suka tafi hutu tare da uwarsu bakin wani babban tafki a arewacin Ingila. Suka hangi wani tsibiri a tsakiyar ruwa, suka ƙwallafa rai sai sun je sun kwana can su kaɗai. Ubansu sojan ruwa ne, yana nesa, sai suka rubuta masa takarda suna neman izini. Ya aiko da telegiram ya ce ya yarda. Roger, ƙaraminsu, shekararsa bakwai kacal.

To, a nan ne waɗansu manya ke tsayawa, su ce littafin nan zai koya wa yara yawo da ganganci. Maganarsu ba ta banza ba ce, gama ruwa ba abokin wasa ba ne. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai ga ba hakanan kawai aka sake su ba. John ya riga ya iya tuƙi. Susan ta iya hura wuta da dafa abinci, ba ta kuma barin kowa ya kwanta da jiƙaƙƙun tufafi. Kowace safiya sai sun ƙetare zuwa wani gidan gona sun karɓo madara, ta haka uwarsu ke jin labarinsu. Rannan da John ya yi kasadar tuƙi cikin duhun dare, shi da bakinsa ya gaya mata, bai jira an tambaye shi ba.

A tsibirin nan suka gamu da 'yan mata biyu masu jirgin Amazon, Nancy da ƙanwarta Peggy, waɗanda suka mai da kansu 'yan fashin teku. Tafki ya zama teku, ƙauyen da ke bakinsa suka sa masa suna Rio, kawun 'yan matan kuma ya zama Kyaftin Flint. Duk yaron da ya taɓa hawa kara ya ce doki ne, ya san daɗin irin wannan wasa.

Littafin yana da aibi guda. Mawallafin ya cika zancen igiyoyi da iska, har yaron da bai taɓa shiga jirgi ba ya kan gaji. Sai a daure, domin abin da ya fi kyau yana gaba.

Kyaftin Flint yana zaune cikin wani jirgi da ya mayar gida, yana rubuta littafi. Wata rana aka tayar masa da albarushin wasa a kan rufin jirgin. Ya ɗora laifin a kan John, har ya ce da shi maƙaryaci. Abin ya yi wa John ciwo ƙwarai, amma bai yi rashin kunya ba. Da Nancy ta ji, sai ta tafi ta gaya wa kawunta cewa ita da Peggy ne suka yi. Babban mutum ya shiga kwalekwale, ya tuƙa har tsibiri, ya roƙi yaro gafara. Ba a cika samun haka cikin littattafan yara ba.

Daga baya Titty da Roger suka gano akwatinsa da ɓarayi suka sace suka binne, littafin da yake rubutawa yana ciki. Don murna ya ba Titty akunsa kyauta.