Yawan kujeru dabam, ƙarfin iko dabam

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai dabba kara a Hawandawaki, Tasawa ko Mayahi ya san ba mai babban garke ke yanke ciniki ba. Dillalin da mai saye da mai sayarwa suka amince da shi, shi ke ɗaure magana. In ya janye, ciniki ya watse.

Wannan sanin na ƴan kasuwa shi ne masana biyu na Amurka, Lloyd Shapley da Martin Shubik, suka mayar lissafi a 1954, cikin fannin nazarin dabarun masu takara. Ƙa'idarsu ita ce: a jera duk hanyoyin da za a iya ƙulla ƙawance, a ƙirga sau nawa kowane ɓangare ke zama wanda shigarsa ke cika rinjaye. Wannan ƙidayar ita ce ma'aunin ikonsa.

Tarihin Nijar ya gaskata su. A zaɓen 1993, cikin kujeru 83 na majalisar dokoki, MNSD-Nasara ta samu 29, CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Rinjaye na bukatar 42. MNSD, duk da yawanta, ta tsinci kanta cikin adawa, domin ƙawancen AFC ya tara 50. Amma 29 da 13 sun cika 42 cif. Ashe makullin majalisa yana hannun jam'iyya ta uku. Da Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin faraminista a Satumba 1994, PNDS ta fice, AFC ta koma 37. Shugaba Mahaman Usman ya rushe majalisa, ya rasa rinjaye a zaɓen Janairu 1995, zaman doya da manja da Hama Amadu ya biyo baya, har sojoji suka karɓe mulki ranar 27 ga Janairu 1996.

Darasin ya shafi kowace ƙungiyar ƴan kasuwa, kowace ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikata. Shugaban da ke ƙirga magoya baya kaɗai, bai duba wanda ke haɗa ɓangarorin ba, yana gini bisa rairayi. Shi kuma mai riƙe da makulli ya sani lissafi na nuna ƙarfinsa ne kurum, ba ya ba shi izinin rushe gida. Dillalin da ya mayar da ɓata ciniki sana'a, wata rana kasuwa za ta ci ba da shi ba.