Sadauki, Boka Da Gimbiya: Har Yaushe Za Mu Yi Ta Ɗinka Riga Ɗaya?

Duk wanda ya karanta littattafan yaƙi guda goma daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwa, ko ake karantawa a gidajen rediyo, ko ake turawa ta waya, zai iya rufe ido ya lissafa mutanen da ke cikin na goma sha ɗaya. Akwai sadauki mai ƙirar samudawa, wanda ba ya tsoro kuma ba ya tunani. Akwai boka mai jajayen idanu a cikin kogon dutse, ba shi da wani aiki sai ƙyaƙyata dariyar mugunta. Akwai gimbiya wadda aka halitta don kyau da kuka. Akwai waziri maci amana. Sannan ga tsohon malami mai farin gemu, wanda zai yi wa sadauki addu'a ya koma kan buzunsa, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba har littafi ya ƙare. Sunaye kaɗai ke canzawa, su ma na aro ne daga birnin Misra ko birnin Sin ko ƙasar Hindu.

Ƙorafina ga 'yan'uwana marubuta shi ne, mun mayar da matsayin mutum ya zama shi ne mutumin. Da zarar mun ce wane boka ne, shi ke nan mun gama da shi, mun san abin da zai ce da irin mutuwar da zai yi. Wannan lalaci ne, kuma shi ya sa labaranmu ke mutuwa tun kafin tawada ta bushe.

Bari in kawo misali daga nesa don a ga yadda irin wannan rabe-rabe yake. A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ana zama ne a kewaye tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa masu lamba irin na wasan ludo. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kuma kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikinsa. Da farko rukuni uku ne kawai: mayaƙi, matsafi, da mai hidimar addini. A 1975 aka ƙara ɓarawo. Kowane rukuni da dokarsa. Matsafi ba ya sa sulke, mai hidimar addini ba ya riƙe makami mai kaifi. Dalilinsu a fili yake: wasa ne, kuma in aka bar mutum ɗaya ya haɗa takobi da tsafi da waraka, sauran 'yan wasa sun zama 'yan kallo. Daga teburin nan ne tsarin ya shiga wasannin kwamfuta da na waya, waɗanda matasanmu ke bugawa dare da rana.

To, abin lura shi ne, su masu wasan ba su tsaya inda suka fara ba. A bugun da aka fitar a 2000 an sassauta dokokin, mutum na iya fara wa da takobi ya ƙare da littafi. Masu wasan kansu sukan zauna su yi ta muhawara kan me ya sa ɓarawo dole ya zama mugu, ko me zai hana mayaƙi ya tsani yaƙi. Wato waɗanda suka gina shingen don bukatar wasa suna ta rushe shi, mu kuwa da ba mu da ƙwayar jefawa, ba mu da abokin wasan da za mu yi wa adalci, mun rungumi shingen mun hana mutanen labarinmu motsi. Mai kaya ya sauke, ɗan dako yana ta nishi.

Alhali kuwa ba mu da bukatar zuwa Amurka neman darasi. A hau mota daga Sakkwato a bi hanyar Jega, ba a daɗe ba za a isa Boɗinga. A ƙasar Boɗinga Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin Gwandu ta zama mazauninsa. A wane rukuni marubucinmu na yau zai saka Malam Abdullahi? In ya ce malami ne, to shi ne ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a 1804. In ya ce mayaƙi ne, to shi ne mai tafsirin Liya'ut Tawili, masanin nahawu, mawaƙin Larabci da ba a cika samun irinsa ba. Kuma a tsakiyar jihadi, kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya dubi wasu daga cikin jama'arsa ya ga son duniya ya fara shigarsu, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya koyar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya komo. Da Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a, aka ɗan sami sanyin zumunci tsakanin baffa da ɗa, har sai da Bello ya kawo masa gudummawa a Kalambaina suka daidaita. Jama'a, ina sadaukin littattafanmu da ya taɓa tsayawa ana tsakiyar nasara ya tambayi kansa ko abin da ake yi shi ne abin da aka fito yi?

Haka kuma gimbiyarmu mai kuka. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, masu jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta ɗaukar karatu su koma su koyar. Alamar jaji ita ce malfa da jan ƙyalle. Malfar nan kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar masu bori. Asma'u ba ta jefar da ita ba, sai ta ɗora ta a kan malama, ma'anarta ta juya gaba ɗaya. Abin da nake kira marubuta su yi ke nan: a ɗauki tsohuwar alama da kowa ya sani, a sa ta faɗi sabuwar magana.

In an wuce Boɗinga gaba kaɗan sai Shagari. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, malamin makaranta ne a Midil ta Sakkwato, kuma mawaƙi ne da ya tsara Waƙar Nijeriya don ɗalibai su san ƙasarsu. Shi ne ya zama shugaban ƙasa a 1979, soja suka hamɓarar da shi a ƙarshen 1983, ya koma gida ya rayu har 2018. Ko mutum na ƙaunar siyasarsa ko ba ya yi, tambayar marubuci ɗaya ce: me ke faruwa a zuciyar mai alli idan aka ɗora masa ƙasa, kuma me ke saura idan aka ƙwace ta? A littattafanmu sarki sarki ne tun daga shafin farko, ba ya da jiya.

Na san abin da za a ce. Na farko, wai haka masu karatu ke so. Wanda ba a taɓa ba shi komai ba sai tuwon dawa ba za a ce ya ƙi shinkafa ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 har yau ana karanta su. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Malam Zurƙe sunan malami gare shi amma ɗan duniya ne, shi kansa Alhaji Imam mai ba da labarin ba waliyyi ba ne, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Shekara casa'in ke nan mutane ba su manta da Zurƙe ba. Sadaukai nawa na bara muka riƙe sunansu?

Na biyu, wai tatsuniya ma haka take, Gizo kullum Gizo ne. Gaskiya ne, amma Gizo yau ya ci riba gobe ya sha kashi, yana ba ka dariya yana ba ka haushi, kuma ba ka san inda zai ɓullo ba. Yaran da ke tashe da azumi ma sun fi mu wayo, domin idan suka sa gemun auduga suka fito a matsayin tsoho ko mai magani, suna yi ne don su tona abin da ke ƙarƙashin gemun.

Na uku, wai taɓa tarihin magabata rashin ladabi ne. Ban ce a ɗauki Malam Abdullahi a sa shi faɗa da aljanu a littafi ba, Allah Ya kiyaye. Cewa na yi a dubi rayuwarsu a koyi yadda mutum ɗaya ke ɗauke da kaya biyu masu jan sa gabas da yamma, sannan a ƙirƙiri namu mutanen a kan wannan awo.

Kuma ga kayan aiki nan zube a ƙofar gida. Ga maƙeri mai wasa da jan ƙarfe, wanda shi ke ƙera takobin da za a kashe ɗansa da shi. Ga ɗan tauri da wuƙa ba ta kama shi, amma kalma ɗaya daga bakin uwarsa ta gama da shi. Ga wanzami da ya san sirrin kowane gida saboda ƙaho da askarsa sun shiga ko'ina. Ga maharbi, ga Basarke mai sanin ruwa, ga madugu mai jan ayari zuwa Gwanja, ga maroƙi da sarki ke tsoron harshensa fiye da mashin abokan gaba. Ga mai magani da ya san saiwa da sassaƙe, wanda muka haɗa shi da matsafi muka yi musu kuɗin goro. Kowannensu rukuni ne mai dokokinsa da abin da aka hana shi, kuma labari yana farawa ne ranar da dokar sana'a ta ce masa yi, zuciyarsa ta ce kada ka yi.

Saboda haka ina ba sababbin marubuta shawara: kafin ka ba jaruminka takobi, tambaye shi sana'ar ubansa, da abin da yake jin kunya, da wanda yake bin sa bashi. In ba shi da amsa, ba ka gama haifarsa ba. Wanda kuma yake ganin na yi son kai, filin mujallar nan a buɗe yake, alƙalami kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Allah Ya sa mu gyara.