Mai tambaya kan allurar korona ba jahili ba ne, a ba shi amsa

Bayan da aka fara allurar rigakafin korona a ƙasar nan a ƙarshen watan Maris na 2021, magana guda aka yi ta maimaitawa a taruka da gidajen rediyo: wai mutane sun ƙi fitowa saboda jahilci. Ni malamin lakkwal ne, kuma abin da aikin koyarwa ya nuna mini shi ne, duk malamin da ya zagi yaro don ya yi tambaya, to amsar ce ba ya da ita. Talaka ya tambaya: a kan wa aka gwada allurar nan, tana da illa, kuma tana aiki? Tambayoyi ne na mai hankali, kuma kowace na da amsa. Laifin na ga waɗanda suka san amsar suka riƙe ta cikin Faransanci.

Tsoron jama'a ba daga sama ya faɗo ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane a Nijar allurar jabu da ba magani cikinta, kuma an ƙiyasta mutum 2,500 sun rasu. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano. Yara 200 ne cikin gwajin, 11 suka rasu, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Daga Maraɗi ko Damagaram, Kano gida ce, labarinta namu ne. Sannan a watan Afrilu na 2020 wasu likitoci biyu suka zauna a talabijin ta Faransa suna shawarar a zo Afirka a yi gwaji, har shugaban OMS, Tedros, ya fito ya ce wannan tunanin mulkin mallaka ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Jami'in da ya zo gari yana wa'azin allura bai ambaci waɗannan ba, kada ya yi mamaki in an bar shi da kujeru.

To ga amsoshin. A kan wa aka gwada? Allurar Sinopharm da Sin ta ba mu, an yi babban gwajinta a Daular Larabawa da Bahrain da Masar da Jodan. Ta AstraZeneca da ta zo ta shirin COVAX, an gwada ta a Ingila da Brazil da Afirka ta Kudu. Ta Pfizer kuwa mutum sama da 40,000 suka shiga gwajinta, yawancinsu a Amurka. Yadda ake yi shi ne a raba mutane gida biyu, rabi a yi musu allurar, rabi a yi musu ruwan gishiri, ba wanda ya san abin da ya samu. Sai a jira a ga su wa cutar za ta kama. A gwajin Pfizer, cikin mutum 170 da suka kamu, 162 ƴan ruwan gishiri ne, 8 kaɗai masu allura. Ɗan aji shida ma zai iya wannan lissafi. Kafin kwalba ɗaya ta sauka Yamai, miliyoyin Turawa da Sinawa da Larabawa sun riga sun miƙa hannunsu.

Tana da illa? Tana da ita, kuma ɓoye hakan shi ke kashe amana. Mutum na iya jin ciwon hannu, zazzaɓi ko kasala kwana ɗaya ko biyu. A watan Maris na 2021 an gano daskarewar jini ga wasu ƙalilan da suka karɓi AstraZeneca, har wasu ƙasashen Turai suka dakatar da ita na ɗan lokaci suka bincika, sannan suka tabbatar abin ba kasafai yake faruwa ba. Wannan shaida ce cewa akwai masu sa ido. Batun hana haihuwa kuwa tsohuwar jita-jita ce da aka yi wa sabuwar riga. Ita aka yaɗa a 2003 kan ɗigon shan inna a arewacin Najeriya, aka dakatar da rigakafi, cutar ta bazu ƙasashe da dama, yara suka shanye. Shekara nawa ana yi wa ƴaƴanmu lamba, amma Nijar na nan cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen haihuwa.

Tana aiki? Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, kuma wanda ya ce maka haka ya yi ƙari. Amfaninta babba shi ne rage tsananin cutar da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Ta Sinopharm ma da tsohuwar dabara aka yi ta: a kashe ƙwayar cutar a sa wa jiki ya gane ta, irin yadda ake yin allurar shan inna. Mun ga aikin rigakafi da idonmu. Ina agana yau? Tun da aka kawo MenAfriVac a 2010, nau'in sanƙarau da ke yi mana ɓarna duk rani ya ja baya ƙwarai.

Akwai wata tambayar da ta fi duka nauyi: me ya sa aka yi ta hanzari kan korona alhali zazzaɓin cizon sauro na kwasar yara duk damina? Mai wannan tambaya na da gaskiya, kuma hukuma ce ya kamata ta amsa ta da aiki, da magani a likitocin karkara. Sai dai ƙin allura ɗaya ba ya kawo ɗayar.

Mu ƴan boko ma da namu kason. Wanda ya iya karatu, ya karɓi saƙon murya a WhatsApp daga mutumin da bai san sunansa ba, ya tura wa gyatumarsa a ƙauye, ya ci amanar biron da ya riƙe.

Darasin 1995 da 1996 shi ne a sa ido. Don haka ma'aikatar lafiya ta fito da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu a rediyon karkara, ta bar layi a buɗe mutane su kira. A zauna da sarakuna da limamai a ba su bayani cikakke, har da illolin. Kai kuma da ka je, ka nemi a nuna maka sunan allurar da ranar lalacewarta, a rubuta maka a karne, a gaya maka inda za ka koma in jiki ya ƙi. Haƙƙinka ne. Matambayi ba ya ɓata, muddin wanda ya tambaya ya amsa masa da gaskiya. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.