Ɗumamar Duniya: Taro Ya Yi Yawa, Ruwa Bai Iso Tafkin Chadi Ba

A ƙarshen watan Fabrairu na 2018 aka yi wani ƙasaitaccen taro a Abuja a kan Tafkin Chadi. Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, shi ne mai masauki, kuma shugabannin Nijar da Chadi da Afirka ta Tsakiya da Gabon duk sun halarta. Shawarar da aka tsayar ita ce a haƙa hanyar ruwa mai tsawon fiye da kilomita 2,000 daga kogunan yankin Kwango zuwa tafkin, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala miliyan dubu 50. Har yanzu ba a fara haƙa ba. Kuɗin bai samu ba, 'yan siyasar Kinshasa kuwa suka ce ba su yarda a taɓa ruwansu ba.

Kada ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabon Ibadan ko Onica ya ɗauka wannan magana ta manya ce kaɗai. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka sha a 1973 da 1984 ya rage shi zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma, ko da yake ruwan ya ɗan dawo daga baya. A waɗannan shekaru ne jama'a da yawa suka bar gona da garke suka gangaro kurmi neman abinci. Har gobe kuma, in damina ta ɓaci a Arewa, farashin tumatir da albasa a kasuwar Mil 12 ta Ikko ne zai fara ba da labari.

Masana sun ce hayaƙin gawayi da man fetur da gas ne ke taruwa a sama yana tare zafi, shi ya sa damina ta rikice, wata shekara fari, wata shekara ambaliya. A 2022 ruwa ya kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri. Alhali kuwa hayaƙin da Afirka baki ɗaya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba.

To, ina masu laifin? A Kofanhagan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba matalauta dala miliyan dubu 100 kowace shekara daga 2020. An ce sai a 2022 adadin ya cika, kuma yawancinsa rance ne. A Faris a 2015 aka ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙi. Donald Trump ya fitar da Amurka daga ciki, Joe Biden ya maido ta a 2021, Trump ya sake sa hannu a kan takardar ficewa a watan Janairu na 2025. A Baku a 2024 aka tsayar da dala miliyan dubu 300 a shekara nan da 2035, wakilan Nijeriya da Indiya suka ce ya yi kaɗan. Alkawarin da ke canzawa da kowane zaɓen Amurka ba abin jingina ba ne.

Amma fa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abuja ma tana da nata alkawuran. A 2021 aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi, aka kuma shaida wa duniya a Gilasgo cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ga shi har yau ana ƙona gas a banza a yankin Neja Delta. A taron Dubai na 2023 sunayen 'yan Nijeriya 1,411 aka rubuta, Gwamnatin Tarayya ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli wanda Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso daga ciki. Akwai kuma shirin shingen itatuwa a jihohi 11 na bakin hamada. Gyaran madatsa da yashe magudanar ruwa da raba irin gero mai saurin nuna ba sa bukatar izinin Washinton.

Nijeriya tana da haƙƙin ci gaba da bin bashinta a tarurrukan duniya, domin wanda ya yi ɓarna shi ya kamata ya biya. Sai dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ya dace sarakunan Hausawa na kurmi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda ke aika kuɗi gida duk lokacin da ruwa ya ci gari, su riƙa tambayar gwamnoninsu da wakilansu na Majalisar Tarayya nawa aka karɓa daga wannan asusu, da kuma abin da aka yi da shi. Allah ya ba da damina mai albarka.