Alƙalamin Mai Ƙiyasi Ne Ke Rushe Ginin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama wajen cinikin gida a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya san maganar da dillali ke fara jefawa da zarar ya ga katangar ƙasa: "Alhaji, fili kake saye, ginin ai na turewa ne." Mai gidan ma ba ya musu. Ya riga ya yarda cewa soron da kakansa ya gina, aka haifi uba da ɗa da jika a cikinsa, bai kai ko sisin kwabo ba, har ma sai an rage masa kuɗin kwashe ƙasa. Ra'ayin ya zauna mana daram: bulo da kwano ci gaba ne, tubali da azara alamar talauci. Ban yarda da wannan ba, kuma ina ɗora babban kaso na laifin a wuyan waɗanda suka yi karatun ƙiyasta darajar gidaje, domin su ne ke buga wa maganar dillali hatimi.

Sana'ar ba ƙarama ba ce. A Najeriya suna da ƙungiyarsu tun 1969, kuma dokar 1975 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. Rahotonsu banki ke dubawa kafin ya karɓi gida jingina. Shi gwamnati ke bi idan za ta biya diyyar gidajen da hanya ta ci, kuma sau da yawa shi ake kai wa kotu a rabon gado. To, yaya suke fitar da farashi? Ko dai su duba nawa aka sayar da makamancin gidan a unguwar, ko su lissafa kuɗin sake gina shi su cire tsufa. Idan kasuwa ta raina ginin ƙasa, mai ƙiyasi zai rubuta rainin a takarda. Banki ya ga takarda ya ƙi ba da bashi. Mai hali ya ga haka ya koma bulo, ƙwararren magini ya rasa aiki, ɗansa ya kama kabu-kabu. Daga nan ba mai ginin ƙasa sai wanda ba shi da zaɓi, shi kuwa zai yi shi ne a gaggauce da abin da ya samu. Ran da ya faɗi sai a ce, "Kun gani ko?" Mai ƙiyasi zai ce shi abin da kasuwa ta faɗa ya rubuta. Amma ai da hannunsa aka gina kasuwar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da rahoton ba ya ƙirgawa: kuɗin zama a cikin gidan. Shiga ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Da azahar kwanon na ƙara yana sauke wuta a kan mutum. Da dare ka dafa bango ka ji shi da ɗumi, yara na juye-juye cikin gumi, a ƙarshe kowa ya ja tabarma zuwa tsakar gida wajen sauro. Maganin sai fanka, sai na'urar sanyaya ɗaki, sai janareta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma a Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit, sanyin ɗaki ya zama haraji na wata-wata. Soron ƙasa kuwa kaurin bangonsa ke tsare zafin rana, ya hana shi shiga sai a hankali, shi ya sa dattawa ke yin ƙailula a zaure ba tare da ko mafici ba. Gida biyu, ɗaya na cin kuɗin mai shi kullum, ɗaya ba ya ci, amma a takarda mai cin kuɗin ne ke da daraja. Wane irin lissafi ne wannan?

Ga kuma siminti kansa. Sai an gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,450 kafin a same shi, kuma masana'antarsa na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sannan a loda shi a tirela daga Obajana ko Sakkwato a ƙona dizal har ya iso. Ƙasar gini tana nan kusa da gari, kuma ko an rushe katanga ana iya jiƙa ta a sake kwaɓawa.

Na san abin da za a ce: ruwa. Gaskiya ne, duk watan Agusta muna jin gidajen ƙasa sun rufta da mutane, kuma ba zan raina ran kowa ba. Amma a je a duba waɗanne ne. Galibi za a tarar an yi su ba harsashi mai kyau, ko a kan hanyar ruwa, ko an yi shekaru ba yaɓe, ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan rufi. Wasu ma an shafe su da siminti ne don a ce an waye, danshi ya shige ta tsaga ya rasa mafita, ya ci bangon ta ciki. Maginan zamanin da ba haka suke aiki ba. Suna kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta kwana, su jera tubali da faɗi a gindi yana sirancewa zuwa sama, su shimfiɗa azarar giginya wadda gara ba ta ci, su rufe da makuba ta ɓawon ɗorawa ko da laso na katsin marina da gashin jima. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye tun gyaran 1844. Bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har yau masu nazarin gini na zuwa kallo. A gefe guda, bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi a 2021 ya kashe mutum sama da 40, na siminti da rodi ne, kuma ban ji wanda ya ce a daina gini da siminti ba. Cewa aka yi a binciki yadda aka gina shi. Adalcin da nake nema wa ƙasa ke nan.

Ba kuma kira nake a koma jiya ba. Giginya ta yi ƙaranci, yaɓen shekara-shekara na da wahala ga ma'aikaci ɗan haya. Amma akwai bulon ƙasa da ake matsewa da inji a zuba masa ɗan siminti kaɗan. Da irinsa mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar a 2018, aka mai da tsohon ɗakin karatu. Francis Kéré, wanda ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando a Burkina Faso, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, mafi girma a fagen zanen gini. Mu kuwa idan aka yi maganar gini mai ɗorewa, sai a nuna mana benen gilashi a Abuja da faifan sola a kansa, bayan gilashin ne ya jawo zafin da solar ke fama da shi.

Saboda haka ina kira ga masu ƙiyasi da hukumarsu su daina zuba duk ginin ƙasa a kwando ɗaya. A bambanta soron ƙwararren magini, da bulon ƙasa na inji, da katangar da aka ɗaga a gaggauce, kowanne da farashinsa a jadawalin diyya. A riƙa duba harsashi da magudana da halin rufi, in ta kama a gayyaci Sarkin Magina ya duba tare da su, tunda ya fi su sanin bangon. A kuma buɗe layi a cikin rahoto da zai faɗi abin da gida zai ci na wuta da mai a shekara, don mai saye da banki su gani kafin su sa hannu.