Raddi ga Masu Cewa Harajin Taba Zaluntar Talaka Ne

Da zarar an taso da batun ƙara harajin taba sigari a Najeriya don a zuba kuɗin a harkar lafiya, sai kamfanonin taba da masu kare su su yi caa: talaka za a matsa wa, fasa-ƙwauri zai bunƙasa, kuɗin ma ba za su taru ba. Hujjojin suna da daɗin ji, amma akwai ƙasar da ta gwada, kuma sakamakon a bayyane yake.

A Disambar 2012, Shugaba Benigno Aquino na Filifin ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga harajin taba da barasa, ta kuma ɗaure mafi yawan ƙarin kuɗin ga lafiya. Da su aka riƙa biya wa iyalai matalauta inshora a hukumar PhilHealth, a 2014 kuma aka haɗa da duk wanda ya kai shekara 60. Masu amfani da taba cikin manya suka ragu daga kashi 29.7 cikin 100 a 2009 zuwa 23.8 a 2015. To, ina zaluncin? Mai ƙaramin ƙarfi da matashin da ke sayen kara ɗaya a wurin mai tebur su ne suka fi saurin ja da baya idan farashi ya hau, kuma su ne ciwon zuciya ko sankarar huhu ke kassara wa gida. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Magidancin da ya taɓa sayar da gona don jinyar mahaifinsa ya san wanda ke biyan farashin taba mai araha.

Batun fasa-ƙwauri kuwa, rabin gaskiya ne. Ana yin sa, amma sakacin kwastam da raunin sa ido ne ke ciyar da shi. A Filifin ɗin ma, babbar badaƙalar da aka bankaɗo a 2017 ta cikin gida ce: kamfanin Mighty Corporation, da aka kama tabarsa da hatimin haraji na jabu, ya biya gwamnati kusan peso biliyan 30. Sannan tun 2017 ECOWAS ta gindaya wa ƙasashenta mafi ƙarancin harajin kashi 50 cikin 100 na ƙimar taba, don kada wata ta zame wa maƙwabciyarta kasuwar araha. Najeriya kashi 30 ta kai a 2022.

Cewa kuɗi ba za su taru ba, lissafi ya ƙaryata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin kashi 10 a farashi yana rage sha da kimanin kashi 5 a ƙasashe masu tasowa, wato sha ya ragu, baitulmali ya ƙaru. Kasafin ma'aikatar lafiyar Filifin ya kusan ninka uku tsakanin 2012 da 2016.

Saura tsoron da talaka da kansa ke faɗa, wanda ya cancanci a saurara: kada a tara kuɗin a wawure. Maganinsa yana cikin rubutun doka. Tailan tun 2001 take ɗora kashi 2 cikin 100 a kan harajin taba da barasa, yana shiga kai tsaye asusun gidauniyar ThaiHealth. Dokar inshorar lafiya ta Najeriya ta 2022 ta riga ta kafa asusun marasa galihu. Abin da ya rage wa Majalisar Tarayya shi ne ta rubuta kason harajin taba da zai riƙa shiga cikinsa, da wanda zai bayyana lissafin duk shekara.