Tallafa wa Yara Tun da Wuri: Darasi Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Ƙaramar Hukumar Tarauni na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 220,000. A cikinta ne, kan titin Zariya daura da Gyaɗi-Gyaɗi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a shekarar 1988. Duk da wannan maƙwabtaka, ba a ƙofar babban asibiti ake fara ceton yaro ba. Asibitin koyarwa zango ne na ƙarshe, inda ake kai wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Tallafin da ya fi tasiri yana farawa ne daga gida, da wurin mai unguwa, da ƙaramin asibitin mazaɓa.

Masana kiwon lafiya sun yi ittifaƙi cewa kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne ginshiƙin girman jikinsa da ƙwaƙwalwarsa. Abubuwan da ake buƙata a wannan lokaci sanannu ne: zuwa awon ciki da wuri, haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, shayar da nonon uwa zalla har wata shida, da allurar rigakafi ranar haihuwa, sannan a mako na 6, na 10, na 14, da kuma ta ƙyanda a wata na 9. Ma'aikacin lafiya kan auna kaurin dantsen yaro ya gano tamowa kafin ta kwantar da shi. Takardar haihuwa kuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da ita, kuma za a neme ta ranar shiga makaranta.

Idan za a iya tunawa, a shekarar 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda shakku, aka dawo da shi a 2004. Sai da sarakuna, malamai da masu unguwanni suka shiga gida-gida suna wayar da kai, kafin a kai ga ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020. Haka kuma, annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta yi ƙamari a 2023, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu cutar, akasarinsu yaran da ba su kammala rigakafi ba, alhali kuwa kariyar mashaƙo na cikin allurar nan ta mako 6, 10 da 14.

Ta fuskar doka, babu shakka an yi tanadi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, sannan a 2023 Jihar Kano ta samu Dokar Kare Yara. Sai dai doka ba ta san gidan da aka yi haihuwa jiya ba. Mai unguwa ne ya sani, da limamin da ya raɗa suna.

Saboda haka, ya kamata kowane mai unguwa daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku ya riƙa rubuta sunan duk jaririn da aka haifa, ya miƙa wa asibitin mazaɓarsa, domin a bi sawun wanda ya daina zuwa. Kansiloli da kwamitocin ci gaban mazaɓu su riƙa duba ko akwai ma'aikata da magani da sanyin adana allura. Magidanta kuma su sani cewa izini da kuɗin mota na hannunsu, kuma jinkirinsu kan zama jinkirin yaro.

Wannan darasi ya fi shafar mutanen karkara. Idan wanda ke zaune kusa da asibitin koyarwa bai tsira ba sai da rigakafi, to wanda ke da tafiyar awa biyu kafin ya ga likita ya fi kowa buƙatar kai ɗansa da wuri. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.